Tanti Na Saya, Aka Tambaye Ni Mai Ɗakin

Assalamu alaikum Goggo Ma'u. Don Allah ki taimaka mani, kaina ya kulle, ga shi Juma'ar nan mai zuwa ce tafiyar. Na san filinki na matsalolin aure ne, ita kuma tawa in an kalle ta kamar matsalar kayan tafiya ce, amma wallahi ni kaina na rasa inda ɗaya ta tsaya ɗaya ta fara.

Ni malamin makaranta ne a Kankiya. Asalinmu nan ne, amma a Kaduna na tashi, sama kwano ƙasa siminti. Tunda nake ban taɓa kwana a wurin da ba shi da ƙofa ba. Aiki ne ya dawo da ni gida, ina zaune wurin kakata. Akwai yarinyar da nake nema, Haulatu, tana aiki a wani ƙaramin asibiti a Kusada. Bafulatana ce, gidansu yana wajen Bauranya. Mun daidaita da ita, manyana sun je gaisuwa an karɓe su hannu biyu, amma aka ce magana tana hannun mahaifinta, Baffa Dawuda. Shi kuwa da damina ba ya zaman gida. Da an yi shuka yake janye shanunsa daga kusa da gonakin mutane, su koma mashekari, wato zangon shanu na damina, can cikin daji shi da wasu daga iyalinsa. Da aka kai mashi maganata sai ya aiko cewa shi ba ya ba da ɗiyarsa ga mutumin da bai gani ba, tunda makaranta na hutu in zo in yi masu kwana biyu wurin shanu.

Tun daga nan na fara ruɗewa. Kwana biyun nan biyu ne na lissafi, ko irin wanda ake cewa kwana biyu ba a gan ka ba? Riga nawa zan ɗauka? Ban samu wanda ya ba ni amsa ba.

Ga kuma wani abu. Ina da asma tun ina yaro. Sanyi da raɓa da hayaƙi duk suna tayar mani da ita, in ta tashi kuwa ba kyan gani. Haulatu ta sani, mahaifinta bai sani ba, ni kuma ba na son abu na farko da zai ji game da ni ya zama ciwo.

To sai na kai kukana wurin abokina Abdullatif, tare muke koyarwa. Shi a kudu ya yi bautar ƙasa, tun daga lokacin yake ganin babu wanda ya kai shi sanin daji. Ya zaunar da ni ya yi ta nuna mani bidiyon Turawa suna kwana a kan duwatsu, daga nan ya ja ni Kano wurin 'yan gwanjo. Muka dawo da tanti ruwan lemo mai zif, da katifar da ake hura wa iska, da wani bargo mai kamar buhu da mutum ke shigewa ciki, da ƙaramin murhun gas, da kujera mai naɗewa, da fitilar da ake ɗaurawa a goshi. Har da wata wuƙa mai baki barkatai wadda har yau ban gane amfanin rabinsu ba. A mota muna dawowa ji nake kamar an riga an ba ni Haulatu.

Na ce bari in gwada tantin a tsakar gida. Na sha fama kafin ya tsaya, ya faɗi na tayar, ya sake faɗi. Kaka tana zaune tana gyaran wake tana kallona, har idonta ya kai kan murhun gas. Ta ce ita dai tunda take ba ta taɓa ganin mai neman aure ya tafi wurin surukai da murhunsa ba, ko so nake a ce ina ƙyamar abincinsu. A wurinta tabarma da buta da sanda sun isa, da su kakana ya yi yawon fataucinsa kuma lafiya lau ya dawo. Na ce mata ai shi ba shi da asma, ta ce a zamaninsu ba a san ta ba ma. Muna cikin haka hadari ya taso da la'asar, na shige tantin don in kunyata Kaka, sai ga ruwa yana ɗiga mani a ka ta wurin ɗinki. Abdullatif ya ce wai akwai wata rigar sama da ake rufa wa tantin, mai gwanjon ne bai haɗo mana da ita ba. Akuyar Kaka kuma ta tauna igiya ɗaya.

Duk wannan ba shi ne ya hana ni sukuni ba. Kafin ruwan ya sauko na ɗauki hoton tantin na tura wa Haulatu. Ta kira tana dariya, sai kuma ta tambaye ni wa ya kafa mani. Na ce ni da hannuna, ina jin kaina. Sai ta canja magana. Yayanta Ɗalha, wanda shi zai kai ni mashekarin a babur, ya ga hoton a wayarta. Da ya koma wurin shanu ya gaya wa Baffa cewa malamin nan fa ya sayi ɗaki, zai zo da shi a bayan babur. Da tsohon ya ji sai ya ce: "Ɗaki zai zo mana da shi? To, ina mai ɗakin?"

Ɗalha da kansa ya kawo mani wannan magana har gida. Ya faɗa yana dariya har da riƙe ciki, na tambaye shi me take nufi, ya hau babur ɗinsa ya ce sai Juma'a. Haulatu ta ce ita ba ta fassara maganar mahaifinta, in yi abin da na ga ya dace. Abdullatif ya ce an ba ni kenan, in fara shirin lefe, kuma in tafi da tantin don a ga ni ɗan zamani ne. Kaka ta ce a'a, zargina tsohon yake ko ina da wata matar a Kaduna na ɓoye, shi ya sa yake tambayar mai ɗakin. Ni kuma wani lokaci sai in ji kamar ba'a ce kawai ake yi mani, an riga an mayar da ni abin dariya a rugar tun kafin in je.

Goggo, ga kayan nan jibge a ɗakina, in zuba su a jaka in zazzage. In na tafi da tantin ina tsoron in zama abin kallo, ko in taka wata al'ada da ban sani ba. In na bar shi ina tsoron asma ta kayar da ni a gaban mutumin da nake so ya ba ni ɗiyarsa. Ina son yarinyar nan ƙwarai, ba na so in rasa ta saboda wani ƙyalle ruwan lemo. Me zan ɗauka, me zan bari, kuma me Baffa yake nufi?

Naki,
Mai Tanti, daga Kankiya

Wa alaikumus salam ɗana Mai Tanti. Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba, amma ka kwantar da hankalinka, abin bai kai inda ka kai shi ba.

Mu fara da maganar Baffa. Ni ba Bafulatana ba ce, amma na tashi a wajen Kunduru, rugar Fulani na bayan gonarmu. A yawancin rugage mace ce take kafa bukka, kuma bukkar tata ce. Namijin da ba shi da mata ba shi da ɗaki, can gefen shanu yake shimfiɗa tare da samari. Saboda haka saurayin da ya zo da ɗakinsa a kafaɗa, ya kafa da hannunsa, ya zo da abin da ba a saba gani ba, shi ya sa Haulatu ta canja magana. Tsohon zolayarka yake yi. Abdullatif ya yi gaggawa, ba a ba ka ba tukuna. Kaka ma ta yi nisa, babu wanda ya zarge ka. Amma a iya sanina, dattijon da ya yanke shawarar hana ka ɗiyarsa ba ya ɓata bakinsa wajen yi maka wasa.

Abokinka yana da gaskiya cewa ba a shiga daji da damina hannu rabbana, musamman mai asma. Kakarka tana da gaskiya cewa baƙunta za ka je, kuma baƙo ba ya nuna wa mai masauki cewa ya fi ƙarfin abin da za a ba shi. To ka bar murhun gas da kujerar da wuƙar a gida. Katifar iska ƙaya ɗaya ce maganinta. Tantin ma ka bar shi, tunda ka gani da idonka yana yoyo, ga launinsa ana hangowa daga nesa, kuma ƙyallen da iska ke kaɗawa yana iya firgita shanun da ba su saba da shi ba.

Ka ɗauki tabarma, da tamfol ko leda mai kauri da za ka shimfiɗa ƙarƙashinta don danshin ƙasa, in ruwa ya zo kuma ka rufa. Ka ɗauki gidan sauro da 'yar igiya, wannan kada ka bari kowa ya kunyata ka a kansa. Bargon nan mai kamar buhu yana da amfani, ka tafi da shi, ka haɗa da rigar sanyi da hular da ke rufe kunne da rawani ko mayafin da za ka rufe hanci da asuba. Takalmin roba mai tsawo ya fi wanda kake zuwa aji da shi, kuma ka riƙa zazzage shi kafin ka sa ƙafa saboda kunama. Tufafinka ka ƙulle su cikin leda kafin su shiga jaka. Tocila ta hannu ta ishe ka, kada ka riƙa haske fuskar dattawa da fitilar goshi. Butar Kaka da sandarta su ma ka karɓa, da 'yar jarkar ruwan sha. Kayan sawa ka ɗauki na fiye da kwana biyu, ka bar mai masaukinka ya sallame ka.

In an nuna maka wurin kwana ka duba ya zama tudu ne, ba kwarin da ruwa ke bi ba, kuma in hadari ya taso kada ka fake ƙarƙashin doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Ana hura wa shanu wuta don hayaƙi ya kore masu ƙwari, ka lura da inda iska ke kai hayaƙin ka koma ɗaya gefen. Za ka ga wata doguwar igiya da ake ɗaure maruƙa a jikinta, dangwali ake ce mata. A wurare da yawa bayanta ɓangaren mata ne, kada ka tsallaka sai an ce ka zo. Al'ada takan bambanta daga ruga zuwa ruga, don haka duk abin da ka yi shakka ka tambayi Ɗalha a gefe. Abin da aka kawo maka ka ci, madara kuma ka nemi dafaffiya. Ka riƙe masu goro da sukari da ganyen shayi, da kanwa ta shanu.

Maganar asma kuwa ba na sassauta maka. Maganin shaƙarka ya zauna a aljihun rigarka, ba a ƙasan jaka ba, ka kuma riƙe wani na ajiya. Kafin Juma'a ka gaya wa Ɗalha ya sanar da mahaifinsa. Na san ba ka so, amma gara ya ji daga gare ka da ya gani ba shiri, kuma mutumin da yake neman ya san ka kafin ya ba ka ɗiyarsa, irin wannan gaskiyar yake nema. In ya sani shi da kansa zai sama maka wurin fakewa, wannan aikin mai masauki ne. In ciwon ya tashi ka shaƙi magani bai lafa ba, Ɗalha ya kai ka asibiti nan take, babu kunya a ciki. Sannan ka san zamanin da muke ciki. Ku yi tafiyar da rana, ku tambayi lafiyar hanya kafin ku tashi, wayarka ta cika da caji, Kaka da Abdullatif su san inda kake.

Tantin kada ka yar. Ka nemo masa rigar samansa, ka gyara igiyar da akuya ta ci, ka naɗe ka ajiye, wata rana za a samu mai kafa maka shi. In kun gaisa da Baffa ya sake tambayarka ina ɗakin da mai ɗakin, kada ka yi dogon bayani irin na malaman makaranta. Ka sunkuyar da kai ka ce masa ɗakin ka baro shi gida, mai ɗakin ka zo roƙo.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare maka numfashinka, ya sa ka dawo Kankiya da labarin da zai sa Kaka guɗa.

Goggo Ma'u