Ni da Baƙar Motar Alhaji

Litinin, 5 ga Yuli, 2004
Alhaji Sha'aban ya kawo sabuwar mota daga Kano. Baƙa, doguwa, gilashinta da duhu. Ya miƙo mini makulli yana dariya: "Kalilu, ka huta da tura Fijo." Shekara ashirin da biyu ina tuƙa shi a Fijon nan, sau nawa muka tura ta? Bai fi biyar ba. Alhaji ya sayar wa Sabiru bakanike da Fijon.

Laraba, 7 ga Yuli
Ba ta da kuloci. Ita ke canza wa kanta giya. Ƙafata ta hagu ta tafi neman abin da ta saba, ta danne birki, sai da hular Alhaji ta faɗi. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

Asabar, 10 ga Yuli
Abin da ke ba ni tsoro shirunta ne. Allurar gudun Fijo ta mutu tun tuni, da kunne nake tuƙi. In ta kai saba'in sitiyari ya fara rawa, ƙofar baya ta hau ƙara, sai in san in ɗaga ƙafa. Wannan ko tari ba ta yi. A hanyar Mai'aduwa Alhaji ya ce, "Ɗari da talatin fa kake yi." Ni ji nake kamar muna tsaye. Lambobin ma ƙanana, ba sa karantuwa.

Talata, 13 ga Yuli

Gab da Mashi, da hantsi, hanya fes. Wata mai tallar nono tana tsallakawa, ban gan ta ba sai da Alhaji ya ce "Mace! Mace!" Na taka birki, motar ta tsaya cak, wannan kam ta fi Fijo, ba zan yi mata ƙarya ba. Ƙwaryar ta fashe a kan gilashi. Matar ba ta ji rauni ba, ta zauna a bakin titi tana salati kawai. Da na taka ta me zan gaya wa alƙali? Me zan gaya wa Allah?
Na ce gilashin ne mai duhu. Alhaji ya ce na gaba ai fari ne.

Juma'a, 16 ga Yuli
Kulu ta ce kwana uku ba na cin tuwo. Ta ce, "Malam, motar ce ko kai ne?" Na ce ta bar ni. Matata ce, amma ba ta san mota ba.
Ranar Lahadi zan kai Hadiyya da Siddiƙa, 'ya'yan Alhaji mata, makaranta a Katsina. Ta Mashi za mu bi.

Asabar, 17 ga Yuli
Na je garejin Sabiru na ce ya ara mini Fijo in ɗan zaga, ko hankalina zai kwanta. Ya shiga gefena muka ɗauki hanyar Baure. Kujerar ta san bayana. Sitiyari ya yi rawarsa, ƙofa ta yi ƙararta, har na fara murmushi. Sittin kawai nake yi.
Sai Sabiru ya kama sitiyarin ya fizge. "Baba, jaki ne a gabanka!"
Babu gilashi mai duhu. Rana tsaka. Ni wani hazo kawai na gani.
Shi ya tuƙo mu gida. Allah ya saka masa.

Lahadi, 18 ga Yuli
Ban ce idona ne ba. Ban gaya wa kowa haka ba.
Bayan asuba na wanke baƙar motar tas, na ajiye makullin a kan dardumar Alhaji, na ce a nemo wa yaran wani direba yau. Ya ce Laraba za shi Kano, akwai likitan ido, in zauna a gaba.
Rubutun nan ya ci mini shafi biyu. Takardar ce ƙarama.