Sun Rushe Gidan Malam Hambali

Shisha, Makka

Yaya Ramlatu,

Assalamu alaikum. Sun rushe gidan Malam Hambali ranar Talata. Ina fatan kuna lafiya. Ya ƙafar Inna, ya yara?

Gidan dutsen nan ne da kakanmu ya sauka da ya zo hajji a ƙafa, inda nake haya. Mish'al, dillalin da ya saye shi daga magada, ya rantse mana gyara zai yi. Sai da ya ciccire tagogin katako ya sayar, sannan ya kawo katafila. Otal zai gina.

Kada ki damu, ina kwana a shagon wani aboki. Bayana ne kawai ke ɗan ciwo.

Tsofaffin matan da Mish'al ya kora daga gidan su ne ke tuƙa wa alhazanmu tuwo a sauran masaukansa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na roƙe su su daina yi masa girki. Hajiya Kausar ta ce, "Ɗana, ko ruwan zafi ba zan ɗora masa ba. Ya ba alhazan shinkafar Larabawa mu gani."

Ki gaya wa Inna kada ta roƙa masa shiriya tukuna.

An ce wakilin alhazan jiharmu ya fasa kama masaukan Mish'al bana, tunda babu mai tuƙa tuwo. Ban tabbatar ba, wakilin bai ɗaga wayata ba.

Ƙaninki,
Tukur