Na yi wa Inna addu'a ta bar shan magani, yanzu surukarta ake zargi

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangiji. Admin don Allah ka ɓoye sunana, kada ko lambata ta fito. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, ni kaina na zagi kaina har na gaji.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce, daga kudancin Kaduna aka haife ni, shekarata huɗu ina aiki a wani ƙaramin asibiti a ƙauye wajen Goronyo, ba zan faɗi sunan garin ba. Ina haya a gidan wani manomin albasa, mu ce da shi Malam Buhari. Mahaifiyarsa, Inna Ige, tun ranar da na sauke kayana ta ɗauke ni kamar ita ta haife ni. Ba ta taɓa kirana Sista ba, sai dai ɗiyata. Idan na dawo aiki zan tarar an rufe mini fura, ranar Lahadi kuma ita ke ƙwanƙwasa mini ƙofa wai in tashi kada in makara zuwa coci. Musulma ce mai riƙon sallah, amma ba ta taɓa nuna mini wani bambanci ba.

Inna tana da hawan jini. Ni na gano, ni na yanka mata kati, ni nake kawo mata ƙwayoyinta duk wata, matar Malam Buhari, Nana, ita ke ba ta kullum da safe. To a bara na je wani taron farkawa a gida, na dawo zuciyata tana ci kamar wuta. An koya mana mu ɗora hannu a kan marasa lafiya, cewa warkarwa ita ce ƙofar bishara. Na ce a raina shekara uku ina zaune da matar nan ina shan furarta, ban taɓa yi mata maganar Yesu ba, wace irin ƙauna ce wannan.

Wata ranar Asabar da hantsi ciwon kai ya dame ta, ta ce ta gaji da haɗiyar ƙwaya. Na ce Inna in yi miki addu'a? Ta ce mi zai hana, addu'a ai addu'a ce. Na ɗora mata hannu na yi cikin sunan Yesu, har da hawaye. Da na gama sai ta yi mini tambayar da har in mutu ba zan manta ba. Ta ce, “Ɗiyata, kowane magani da ƙa'idatai. Wanga fa, mi aka bari?”

Wanda bai zauna nan ba ba zai gane ba. A nan idan mai magani ya ba ka magani, dole ya gaya maka abin da za ka bari, ko tsami, ko nama, ko gishiri, kuma sau da yawa ba a haɗa shi da na asibiti, wai ɗaya yana karya ɗaya. Ni na san wannan sarai, kullum da shi muke fama a wurin aiki. Amma a lokacin bakina ya riga hankalina. Na ce Inna ƙa'idarsa ɗaya ce, kada ki yi shakka, ki riƙe cewa kin warke. Ban ce ta bar ƙwaya ba, Allah ya sani. Amma ban ce ta ci gaba ba, kuma na ga yadda ta gyaɗa kai.

Ciwon kan ya tafi. Bayan mako biyu Nana ta ce mini Inna ta ƙi shan magani, wai ta samu wanda ya fi shi. Maimakon gabana ya faɗi, wallahi daɗi na ji. Ranar Lahadi na tashi a gaban 'yan'uwa, mu da ba mu cika ɗaki ɗaya ba, na ba da shaida cewa Ubangiji ya warkar da wata tsohuwa ta hannuna har ta jefar da ƙwaya. Aka yi tafi, aka yi waƙa.

Mutum ɗaya ne bai yi tafi ba, dattijonmu Baba Ishaya, tsohon malamin makaranta ɗan Zuru, ya fi shekara talatin a yankin nan. Bayan an tashi ya ja ni gindin bishiya ya tambaye ni ko na auna jininta tun daga ranar. Na ce a'a. Ya ce in koma yau ɗin nan in auna, in sa ta ci gaba da magani, addu'a ba ta gaba da ƙwaya, wanda ya ba ni bakin addu'a shi ya ba ni ilimin asibiti. Ya ce kuma ba a yi wa mutum alkawari da sunan Allah kan abin da Allah bai ce ba. Ni kuwa na hau shi. Na ce zama cikin tsoro ya kashe masa wuta, shekara talatin mutum nawa ya kawo ga Ubangiji, irinsu ne suke hana bishara tafiya. Tsohon da ya haifi kamata, haka na gaya masa a gaban matarsa. Bai rama ba, ya ce dai in auna ta. Ban auna ba. Gaskiyar magana tsoro nake kada abin awon ya ƙaryata shaidata.

Bayan wata biyu da rabi, lokacin cire albasa, maza duk suna fadama, Inna ta faɗi a tsakar gida tana alwalar azahar. Da aka kira ni na auna, lambar da na gani ta wuce hankali. Muka kai ta Sakkwato. Ta rayu, amma ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Likita ya yi faɗa sosai, ya tambayi wa ya sa ta daina magani. Ina tsaye a wurin da farin kaya, na yi kamar ban sani ba.

Malam Buhari sai ya juya kan Nana. Ya ce ita aka ba amanar maganin, ganda ta sa ta bar uwarsa ta lalace. Nana ta rantse ta ce Inna ce ta ƙi, kuma ta gaya wa Sista. Da ya tambaye ni, na ce eh ta taɓa faɗa mini, na ɗauka an ci gaba. Rabin gaskiya na ba shi, rabin da ba zai ƙone ni ba. Tun daga nan ba ya cin abincinta, 'yan'uwansa mata sun sa ta a gaba da habaici. Ita kuwa ita ke wanke tsohuwar, ita ke juya ta, ita ke ba ta koko da cokali, da goyo a bayanta.

Ni kuma sai ƙara girmama ni ake yi, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Malam Buhari ya aiko mini da buhun albasa wai ladan wahalar da na sha a Sakkwato. Kullum da safe ina shiga in auna Inna, sai ta kafe ni da ido, bakinta yana motsi ba abin da ke fita. Ban san ko gafarta mini take yi ba ko tona ni take son yi. Addu'a kuwa ta gagare ni, in na durƙusa ba abin da ke zuwa, coci ma na daina zuwa.

Baba Ishaya da kansa ya zo har asibiti ya same ni. Bai ce ai na gaya miki ba, da ma ya faɗa da na fi samun sauƙi. Ya ce tuba da ba ta wanke Nana ba ba tuba ba ce, in na shirya zai raka ni wurin Malam Buhari ya zauna kusa da ni. Amma 'yan'uwa ku duba. Idan magana ta fita cewa Sista Kirista ta yi wa tsohuwa addu'a da sunan Yesu ta hana ta magani, ba aikina kaɗai zai tafi ba. Malaman makaranta da ma'aikatan da muke sujada tare, da Baban da ya kwashe shekara talatin yana zaman lafiya da mutane, duk a kansu zai sauka, kuma ba su suka yi ba. Na yi tunanin neman transifa in gudu, sai in tuna wadda zan bari a ciki.

Jiya Nana ta shigo ɗakina da kwanon tuwo, ta durƙusa ta ce, “Sista, maigida ke ɗai yaka jin maganarki. Don girman Allah ki gaya mai ba ni ce ba.” Dangi za su zauna kan maganarta ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma na ji ana cewa gida za a mai da ita. In faɗa ne kowa ya shiga uku saboda ni, ko in yi shiru a kori matar da ba ta yi komai ba? Akwai wata hanya ta uku da ban gani ba? Don Allah kada ku ce mini in yi addu'a kawai, ku gaya mini abin da zan yi. Yau Laraba.