Ɗan Dako Biyu a Shafi Ɗaya

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Anti da yara. Shekara biyu ba mu yi magana ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, aiki ne ya sa na rubuto.

Ka tuna Ɗan Dako, ɗan kod ɗin JavaScript da muka rubuta a ɗakin bayan shagon Baba, mai ɗauko guntayen laburare, wato tarin kod da aka riga aka rubuta, ya jera su a burauza bi da bi? Da muka raba gari kowa ya tafi da kwafinsa. Kai ka sa a laburarenka na cike fom, ni a nawa na zana jadawali, kuma sunansu ɗaya. To duk shafin da ya ɗauki biyun, na ƙarshen shigowa sai ya share rajistar na farko. A shafin kamfanin da nake wa aiki, naka ke shigowa daga baya, jadawalina sai ya fito fari fat. Manaja ya ce nan da Juma'a ko in gyara, ko su cire nawa, ni ma in bi shi.

Mu mayar da shi guda, kowa ya riƙa ɗauka wuri ɗaya. In hakan ya yi maka nauyi, layi uku ne na kod za ka ƙara: in ya tarar da ɗan'uwansa a shafi, ya haƙura ya yi aiki da shi. Na sa a nawa, saura naka.

A gaida gida.
Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Lafiya lau muke. Ashe dai kin san inda nake!

Layi uku kike roƙo? Ni layi ɗaya kika goge mini. Ranar da kika fitar da laburarenki na buɗe fayil ɗin, babu sunana a sama, ko harafi. Ni da na koya miki rufe baka-biyu, kina kuka kod ya ƙi tashi! Har yau abin na ci mini rai, ba na ɓoyewa.

Ki ce wa manajanki ya loda naki a ƙarshe, fom ɗinsu ya mutu, mu ga wanda za su zaɓa. Ko ki canja wa naki suna.

Yayanki

*

Yaya,

Barka da yau. Haba, Yaya! Ba ni na goge ba. Manhajar matse fayil ce, ita ke kwashe duk bayanin da ba kod ba don ya yi sauƙin lodi. Har nawa sunan ta kwashe. Washegari na mayar, naka a sama da nawa, na turo maka saƙo uku, ka toshe lambata. Wato shekara biyu kana fushi da fayil ɗin da ba ka sake buɗewa ba?

Jerin lodin shafin ba za su yarda a taɓa shi ba. Canja suna kuwa ka fi ni sanin abin da zai jawo. Shafukan mutane sama da ɗari suna kiransa da tsohon sunan, duk za su karye. Yau Laraba. Don Allah ka duba.

Auta

*

Autata,

Ina gaisuwa. Sai jiya Lahadi na iya buɗe fayil ɗin, girman kai ya hana ni tun farko. Na gani. Kunya ta ishe ni wallahi. Na sa layukan, na buɗe mana ma'ajiyar kod ɗaya a intanet, izininki kawai nake jira. Ki yafe mini.

Yayanki

*

Yaya,

Na gode, na yafe. Ran Juma'a da la'asar na miƙa katin shiga ofis, na kwaso kofina da cajata a leda.

Na canja wa nawa suna, na rubuta wa mutanen nan sama da ɗari, ɗaya bayan ɗaya, ina ba su haƙuri. Yanzu ko an sa su a shafi ɗaya ba za su yi karo ba, don naka ba zai ma san nawa yana wurin ba. Ka rufe ma'ajiyar.

A gaida Anti.
Auta