Kujerar Dangi a Jana'izar Lauya Danladi

Ƙanena Danladi,

Gaisuwa mai yawa daga Nima. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da kana nan ma, sai ka nemo tabarau ka gyara mini rubutu kafin ka ji abin da nake faɗa. Yau dai babu mai katse ni. Na jingina da dilar atamfa a bayan shago, zan faɗi tawa har ƙarshe.

Matarka Esi tana nan, ta rame. 'Yarka Alheri ta dawo daga makaranta, ita ke tilasta wa uwarta cin abinci. Ofishinka na saman kantin magani a Maamobi a kulle yake, amma har yanzu mutane suna hawa benen suna ƙwanƙwasawa. Jiya wata tsohuwa daga Kotobabi ta zo da rigimar iyakar gida. Da aka gaya mata, sai ta zauna a matakala ta ce to ita yanzu wa zai hana ta kai ɗan'uwanta kotu?

Kai kuma kana mutuware, a cikin firiji, sai Asabar mai zuwa. Maganar da ta sa na ɗauki biro ke nan.

Da safen da ka rasu, yayanmu Alhaji Sani ya rufe shagonsa na kayan mota a Abossey Okai, ya sayi farin yadi, ya tura mutane su haƙa kabari. Bai tambayi kowa ba. Haka muka saba, kafin la'asar an kai mutum makwancinsa. Sai da ya iso asibiti Esi ta gaya masa cikin kuka cewa cocinku ne zai binne ka, bayan an sanar da dangin mahaifiyarka a Arewa, an buga fosta, an sa rana. Alhaji ya tsaya da likkafani a cikin leda, kowa na kallonsa. Ya ce ɗan ubansa ba kifi ba ne da za a ajiye a ƙanƙara. Tun daga ranar ya ce ya cire hannunsa, sauran mazan gida suka bi shi.

Kada ka ji haushinsa. Ƙauna ce ta sa ya yi gaggawa, kunya kuma ta sa ya kafe.

Amma ka fi ni sanin yadda ake jana'izarku. Akwai layin kujeru na gaba, na dangin jini. Babban gida, wato dattijon dangi, shi ne ke miƙewa ya damƙa gawa a hannun fasto, shi ke karɓar gaisuwa. Matar mamaci ba ta yin wannan. In kujerun nan suka zauna babu kowa, dangin Esi za su koma Kumasi su ce 'yarsu ta auri wanda ba shi da kowa. Alheri kuma da wannan maganar za ta yi aure, da ita za ta haihu. Ni Rabi ina da rai? Ban yarda ba.

Mahaifiyarka ta tafi da kai Arewa kana goye, ka dawo mana da kwat da Littafi Mai Tsarki a hammata. Baba ya dube ka, ya ce a share maka ɗaki. Daga nan wane suna ka rasa a gidan nan? Wane ɗaurin aure? Ranar da aka yi wa Baba salla ka tsaya a bayan sahu cikin rana, hannuwanka a baya, ba ka shiga ba, ba ka kuma tafi ba. Lahadi kuwa ko wa ya zo da shari'a sai ya jira ka fito daga coci. Ba ka taɓa ɓoye addininka don mu ba, ba ka kuma taɓa ɗaga mana shi a fuska ba.

Na sha kiran ka lauyan banza. Mutane su zo da zafinsu suna so a shigar da ƙara, ka zaunar da su a benci, ka aika a sayo musu koko da ƙosai, ka yi ta magana har su tafi sun shirya. Na ce da a kasuwa kake, da kai ne mai korar masu saye. Abin da ban taɓa gaya maka ba shi ne, da sunanka nake takama a Nima. Duk wanda ya ɗaga mini murya, in na ce ƙanena lauya ne, sai ka ji muryar ta sauka. Kuma lokacin da na kwanta a asibiti, na ji ka kana yi mini addu'a irin taku a bakin gado. Idona a rufe yake, amma ba barci nake ba. Ban ce amin ba. Ban kuma so ka daina ba.

To ga abin da na yi.

Na fara zuwa wurin limaminmu. Ya ce raka ɗan'uwa da yi wa iyalinsa ta'aziyya ba laifi ba ne, ibadarsu dai a bar musu abarsu. Na ce Malam kunnena ya tsufa, ya maimaita. Ya maimaita kuwa, a gaban matar Alhaji, wadda na ja ta raka ni da sunan za mu duba mara lafiya.

Sannan na sauko da atamfa baƙa mai ratsin ja, irin ta makoki, mai kyau ba ta yayi ba. Ban tambayi kowa ko za ta je ba. Na yanka, na aika gidan kowace mace a danginmu, har na unguwar Madina, da saƙon cewa tela na jiran awo. Duk shekarun da na yi a kasuwa ban taɓa ganin macen da ta ɗinka sabon kaya ta bar shi a akwati ba. Yanzu su ke tambayata ƙarfe nawa trotro, motar haya, zai tashi, mazansu kuma sun fara cewa ai ba a barin mata su tafi su kaɗai.

Alhaji ne ya rage, shi kuma ban roƙe shi ba. Ka san shi, in aka roƙe shi sai ya ƙara nauyi. Na je shagonsa, na zauna a kan taya, na sa hannu a shinkafa da wakensa. Muna ci na ce masa ya kwantar da hankalinsa, an sami mafita. Kawun Esi ya yarda zai zauna a kujerar babban gida, ya yi magana da harshensu na Asantanci a madadinmu, ya ambaci sunan Baba in ya iya furta shi. Alhaji ya ajiye cokali.

Shekaranjiya matarsa ta raɗa mini cewa ya kai babbar rigarsa wanki da guga. Bai ce zai zo ba. Ni ma ban tambaye shi ba.

In ya zo, zan zauna a bayansa in ja bakina in yi shiru, ko da yake ka san wannan ne zai fi ba ni wuya. In bai zo ba, na riga na gaya wa fastonku ni zan miƙe. Ya ce ba a saba mace ta yi ba, na ce ranar Asabar zai saba. Zan gyara mayafina, in tsaya kusa da akwatinka, in faɗa da Hausar Zango yadda na baya za su ji: wannan ɗan gidanmu ne, mu muka kawo shi, ku binne shi a kan addinin da ya riƙe har ya mutu.

Ka huta, Danladi. Wannan shari'ar a hannuna take.

Yayarka,
Rabi mai atamfa, Nima