Lambata Ce Ta Fito, Amma Ba Ni Na Kira Ba

Zuwa ga Manajan kamfanin wayar da nake riƙe da layinsa, reshen Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ranka ya daɗe, sunana Habibu, baduku ne ni a Kasuwar Kurmi, gidana kuma yana Gwale. Na biyo ta jarida ne saboda sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini kana taro.

Na farko, ga abin da ya same ni. Alhaji Sabo aminina ne tun ƙuruciya, kuma 'yata Rabi tana auren ɗansa. Da aka shiga kakar zaɓe ya fito takarar kansila. Ba jam'iyyarmu ɗaya ba, amma hakan bai taɓa hana mu cin tuwo a kwano ɗaya ba. Wata Laraba da hantsi wayarsa ta yi ƙara, sunana ya fito ɓaro-ɓaro. Da ya ɗauka, wani ya zagi mahaifiyarsa da ke kwance a kabari, ya ce in bai janye ba za a ƙone masa gida. A lokacin ina wajen jana'iza a Ƙofar Kabuga, wayata a kashe cikin aljihu.

Bayan la'asar Alhaji ya ɗaga wayarsa a ƙofar masallaci, kowa ya ga lambata. Na rantse da Allah ba ni na kira ba, ya ce ko ba muryata ba ce, ai ni na miƙa wa mai zagin wayar. Washegari 'yan bangarsa suka yayyanka mini fatu a rumfa. Aka turo Rabi gida da cikin wata bakwai.

Na biyu, abin da na jiyo a ofishinka. Wata ma'aikaciyarku ta duba kwamfuta, ta tabbatar mini babu kiran da ya fita daga layina a safiyar nan. Ta ce lambar da ke fitowa a fuskar waya, ɓangaren mai kira ne yake turo ta tare da kiran. Akwai masu kira ta intanet da ke rubuta duk lambar da suka ga dama, ku kuma ku miƙa ta yadda ta zo, ba bincike. Wayar Alhaji ta ga lambar, ta duba sunayen da ya ajiye, ta fito da nawa. Shi ke nan fa. Kun san da wannan ɓaraka, ranka ya daɗe, kuka yi gum. Kullum kuna cika mana kunne da tallan garaɓasa a rediyo, amma ko sau ɗaya ba ku taɓa gaya wa talaka cewa ana iya aron lambarsa a yi ɓarna da ita ba.

Na uku, wanda ya fi ƙona mini rai. Na roƙi a rubuta mini bayanin nan a takarda in kai wa mai unguwa. Aka ce sai ka sa hannu. Kai kuwa kullum kana taro. Yau sati biyar 'yata tana ɗakin uwarta tana kuka, mutanen da muka tashi tare suna kau da kai in na yi sallama.

Abin da nake nema: ka ba ni takarda mai hatimin kamfaninku cewa kiran bai fita daga layina ba. Ku yi sanarwa da Hausa a rediyo, mutane su daina ɗaukar sunan da ya fito a waya a matsayin shaida. Sannan ku toshe hanyar, ko ku fito ku ce ba za ku iya ba.

Ban yafe wa wanda ya yi kiran ba, kuma ban yafe shirunku ba. Duk da haka ina roƙon Allah Ya shirye ka, Ya tsare iyalinka daga sharrin da ba su ji ba ba su gani ba. Ranar Litinin zan dawo ofishinka tare da mai unguwa, kuma ba za mu tashi daga kan bencin da ke ƙofar ofishin ba sai ka fito.

Wassalam.

Habibu Baduku, Gwale.