Gingimarin Tsafe

Litinin, 2 ga Maris, 1998
Na kama aiki a kamfanin inshora, reshen Gusau. Manaja, Malam Abubakar Sadiƙ, ya miƙo min kyamara, ya ce aikina in je inda mota ta yi haɗari in ɗauki hoto, in cika fom, in sa hannu cewa na gani da idona. Matata Mansura ta tambaye ni ko inshora halal ce. Na ce mata ni hoto kawai nake ɗauka.

Alhamis, 5 ga Maris
Tsafe. Wata gingimari a kife gefen hanya, wai ta zubar da masara. Ban ga ko ƙwaya ɗaya a ƙasa ba. Mai motar, Alhaji Yelwa, ya ce mutanen ƙauye sun kwashe tas. Zai yiwu. Amma ciyawa ta tsiro ta cikin tayar baya, ga kaji suna kiwo a gidan direba. Haɗarin shekaranjiya ne, in ji shi. Ya saya min tsire, na ci. Na sa hannu.

Talata, 10 ga Maris
Bungudu. Wata gingimari kuma, ta wani Alhaji Ummaru da ban gani ba, sai ɗan aikensa. Lambar daban, amma ƙofar direba a lotse wuri ɗaya da ta Tsafe, kuma gilashin ya tsage kamar ƙafar kaza, sak. Na zagaya ta sau uku, ko inji babu a cikinta. Ta yaya motar da ba ta da inji za ta yi tafiya daga Tsafe zuwa Bungudu don ta sake faɗuwa? Ban sa hannu ba. Na ce biro ya ƙare.

Laraba, 11 ga Maris
Na jera hotunan biyu gaban Manaja. Ya duba, ya duba, ya ce, "Lukuman, gingimari duka kama ɗaya gare su. Mi ka gani?" Sai na ji kamar ni ne na yi laifi. Ko idona ne?

Juma'a, 13 ga Maris
Inna lillahi. Hamidu, yayan Mansura, ya faɗi da bas ɗinsa kusa da Wanke. Taya ce ta fashe. Ba a rasa rai ba, amma ƙafarsa ta karye, fasinja biyu na asibiti, motar kuwa ba ta moruwa. Ita ke ciyar da gidansu har da Inna, mahaifiyarsu. A gadon asibiti ya kamo hannuna, "Ai a kamfaninku na yanki takardar inshora, ko? Allah ya sa kana ciki."

Litinin, 16 ga Maris
Na duba rajista sau huɗu, babu sunan Hamidu. Takardarsa da tambarinmu, da sa hannu, da komai. Hasana mai buga tafireta ta rage murya ta ce min wakilinmu na tasha yana da nasa littafin takardun, yana sayar wa direbobi, ba ya kawowa ofis. Na ce Manaja ya sani? Ta ci gaba da bugunta kawai.

Wato motar da ba ta faɗi ba, za a biya ta sau biyu, wadda ta faɗi da gaske babu ita a duniya. Na kasa gane kan wannan aiki.

Talata, 17 ga Maris
Ban faɗa wa Mansura ba.

Alhamis, 19 ga Maris
Manaja ya kira ni, ya rufe ƙofa. Ya yi min jaje sosai, har ya tambayi ƙafar Hamidu. Ya ce akwai layi guda da aka bari babu komai a rajistar watan Janairu, sunan surukina zai zauna daidai a wurin. Sannan ya turo min fom ɗin Bungudu, ya ɗora biro a kai.

Na ce ai saka sunan a Janairu ma ƙarya ce. Ya ce, "Shi Hamidu bai biya ba? Ya biya. To ina ƙaryar?"

Har yanzu ina neman amsar wannan tambaya. Hamidu ya biya, gaskiya ne. Kamfani bai karɓa ba, shi ma gaskiya ne. Idan na ƙi, wa na kare? Mutanen babban ofis da ban taɓa gani ba? Idan na yarda, gingimarin nan fa? Na tafi sallar Azahar da niyyar in tambayi liman, da aka sallame sai na gaishe shi kawai na fito.

Juma'a, 20 ga Maris
Na sa hannu. Biyun duka.

Laraba, 1 ga Afrilu
An amince da takardun Hamidu. Inna ta sa aka kira ni ta yi ta sa min albarka, wai Allah ya ba su suruki mai riƙon amana. Na sunkuyar da kai. Sun ɗauka kunya ce.

Yau an tura ni hanyar Magami. Gingimarin nan ce dai, an yi mata sabon fenti kore. Da na ɗaga kyamara na ga rana na haska lotsawar ƙofar, sai na ji bakina yana ce wa mutanen su zo mu koma ta ɗaya gefen, a can hoton zai fi kyau. Ba wanda ya ce in yi haka.

Na dawo da wuri. Na ci tuwo har da ƙari.